Akwatin kifin wani tela a Garwa: wata goma ana fama da gansakuka

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa tela ne a unguwar Hausare ta birnin Garwa, a arewacin Kamaru. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, kekuna huɗu, yara uku masu koyon sana'a, da taga guda mai kallon yamma. Ni malamin makaranta ne mai koyar da kimiyyar halittu, kuma shi ke yi min ɗinki, shi ya sa na ga abin tun daga tushe. Alƙaluman da ke nan daga littafin awonsa suka fito. A shafukan baya, bayan an wuce tsawon hannu da faɗin kafaɗar mutane, nan yake rubuta ranar da ya canza ruwa, da zafin da ma'auni ya nuna, da adadin kifin da ya mutu.

Wani mai yankan gilashi ne ya haɗa masa akwatin a farkon Nuwamba 2024: tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. A lissafi lita 54 ke nan, amma bayan an zuba yashi da duwatsu ruwan da ke ciki bai fi lita 45 ba. Yashin daga bakin kogin Binuwai aka ɗebo, aka wanke. Ya sa soson tace ruwa mai aiki da ƙaramin famfon iska, ya manna ma'aunin zafi a jikin gilashin.

Tsirran kuwa daga Duwala suka zo cikin kayan wani ɗan kasuwar yadi, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida da leda. Sun bi mota zuwa Yawunde, jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, sannan wata motar zuwa Garwa. Iri uku ne. Akwai Anubias nana guda biyu, mai gajeren ganye kore shar mai kauri. Akwai Vallisneria dami ɗaya, mai dogon ganye siriri kamar na albasa. Sai wani ja mai suna Alternanthera reineckii, ɗan asalin Kudancin Amurka, kara biyar, wanda shi ne ma ya ja hankalinsa a hoto tun farko. Kifin kuma ƙanana ne masu launin jela, irin da ake kira gufi, guda takwas, aka zuba su kwana biyu bayan cika ruwa.

Nuwamba zuwa Disamba 2024: ƙarƙashin taga

Bai sayi fitila ba. Ya ajiye akwatin a kan tebur daidai ƙarƙashin tagar yamma, inda rana ke dukan gilashin daga wajen ƙarfe biyu da rabi har biyar da rabi. Sauran yinin kuma hasken ƙwan shago ne kawai daga can saman rufi.

Kifi uku sun mutu cikin kwana goman farko. A mako na uku wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashi da ganye, wadda ke fita da an goga yatsa. Jan tsiron ya zubar da ganyen ƙasa, launinsa ya dusashe, ya miƙe zololo yana karkata wajen taga. Anubias ɗin yana da gindi mai kauri da ke rarrafe a kwance kamar citta, kuma telan ya binne gindin nan duka cikin yashi yadda ake dashen tumatir. Kafin ƙarshen Disamba ɗaya ya ruɓe. Da aka tono shi ya yi luguf, yana wari.

Da hazon hunturu ya rage kaifin rana a ƙarshen shekara, sai ya yanke hukunci. “Malam,” in ji shi, “ko dawa in ba ta sami rana ba ai ba ta yi. Haske suke so.”

Janairu zuwa Fabrairu 2025: babbar fitila

Ranar 12 ga Janairu ya sayo fitilar LED irin wadda ake haska tsakar gida da ita, mai wat 30. A jikin kwalinta an rubuta lumen 2,700, wato awon yawan hasken da take bayarwa. Ya rataye ta da waya taƙi ɗaya a saman ruwa. In an raba 2,700 da lita 54, kowace lita ta sami lumen 50. Ana kunna ta da buɗe shago, bakwai da rabi na safe, a kashe da tashi, wajen tara na dare. Fiye da sa'a 13 ke nan kullum, ga kuma rabon tagar da la'asar.

Kwana goman farko abin ya ƙayatar. Ƙananan kumfa suka riƙa fitowa daga ganyen Vallisneria suna hawa sama a jere kamar tsakiya a zare, kan jan tsiron ya dawo ja. Masu kawo ɗinki sukan tsaya kallo su manta da abin da ya kawo su.

A mako na uku sai koren gashi ya fara tsirowa a gefen ganye, siriri, yana kaɗawa. Ganyen Anubias ɗin da ya rage ya yi ɗigo-ɗigon kore masu tauri da ko farce ba ya kankarewa. Telan ya sa wa kansa ƙa'idar kankare gilashi da reza duk Juma'a da safe, yana kuma nannaɗe gashin da tsinken tsintsiya yana jawowa. Kafin Talata ya dawo. A littafin, ƙarƙashin 21 ga Fabrairu, kalma biyu kawai ya rubuta: “Gansakuka kuma.”

Maris 2025: azumi

Azumin 2025 ya cinye watan Maris, kuma duk wanda ya san shagon tela ya san abin da goman ƙarshe ke nufi. Ana buɗa-baki a kan keke, a yi asham a dawo, ba a tashi sai sahur. Fitilar akwatin ta zama ɗaya daga cikin fitilun aiki, don yaron da ke sa maɓalli a gefenta yake zama. Wasu ranakun ta yi sa'a 18 zuwa 19 a kunne. Wasu ranakun kuma babu wuta tun safe, domin akasarin wutar Garwa daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma in ruwa ya ja baya a rani akan yi rabonta unguwa-unguwa. Sai tsirran su yini a duhu, su kwana a haske. Famfon iska ma yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Zafi ya shigo a lokaci guda. A waje ana haura digiri 40, ma'aunin jikin gilashi kuma yana nuna 32 zuwa 33 da la'asar. Gufi haihuwa suke yi, ba ƙwai suke sakawa ba, kuma biyar ɗin da suka rage sun hayayyafa sun haura ashirin. Yaran uku kowa na ba su abinci a ɓoye, musamman da dare in barci ya fara fizgarsa.

A mako na biyu na azumi ruwan kansa ya rine. Ya fara da hazo-hazo, cikin kwana huɗu ya koma kamar miyar kuka, kifi sai ya zo dab da gilashi ake ganinsa. Telan ya zubar da rabi ya zuba sabo. Bayan kwana uku ya koma yadda yake. Ya sake, aka sake. Ranar 20 ga wata haƙuri ya ƙare: ya kwashe kifin a bokiti, ya juye komai, ya wanke yashi, ya wanke soson tacewa da sabulu a bakin famfo, ya cika da ruwan famfo kai tsaye. Ruwan ya yi garau kwana huɗu, ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, sannan koren ya dawo. Kifi huɗu sun tafi a wannan makon.

Afrilu 2025: takin zamani

Bayan salla Vallisneria ta yi rawaya, tsoffin ganyenta na narkewa daga baki. Wani manomi da ya zo karɓar ɗinki ya duba ya ce yunwa ce, haka masara ke yi in ba ta ga taki ba. Washegari ya aiko da farin takin yuriya a ƙullin leda. Da yammacin 9 ga Afrilu telan ya narka rabin ƙaramin cokali, kimanin giram 2, ya zuba.

Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne. Giram 2 a lita 45 ya ba da wajen miligiram 20 a kowace lita, kuma a cikin ruwa ƙwayoyin halitta na farfasa yuriya ta koma amoniya. Amoniya na ƙona sassan da kifi ke numfashi da su, kuma dafinta na ƙaruwa in ruwa ya yi zafi ko awon pH (ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa) ya hau. Kafin azahar ta washegari kifin sun taru a sama suna haki da baki a buɗe. Cikin kwana biyu 11 daga cikin 19 suka mutu.

A ranar ce ya aiko yaro ya kira ni. Na zo da takardar gwajin pH daga makaranta. Da safe ta nuna kusan 7.5, da la'asar bayan fitila ta yini a kunne ta doshi 9. Zafin ruwa 33.

Ƙarshen Afrilu: kwana huɗu a duhu

Abin da ya fi gaggawa shi ne fitar da dafin. Kwana uku a jere aka riƙa canza rabin ruwan, amma wannan karon da ruwan da ya kwana a randa. Kwanan da ruwan ke yi a buɗe yana fitar da kulorin ɗin ruwan famfo, randa kuma ta sanyaya shi. Aka riƙa zubawa sannu a hankali da kofi don kada sauyin zafi ya buge kifin. Soson tacewa ba a sake kai shi famfo ba, a matse shi kawai a cikin tsohon ruwan da aka kwaso.

Sai aka rage ruwan ya koma ɗan kaɗan, aka ɗauke akwatin daga ƙarƙashin taga zuwa lungun da rana ba ta kaiwa. Ranar 21 ga Afrilu aka lulluɓe shi da baƙin yadi ninki biyu. An tokare yadin da kara ta sama don iska ta riƙa ratsawa, aka haɗa famfon iska da batirin solar shagon don kada ya tsaya. Ba fitila, ba leƙawa, ba abinci.

Nan ne muka fi ja-in-ja. “Malam, kwana huɗu ba ci? Ai alhaki ne.” Na ce, “Alhaji, lafiyayyen kifi na yin fiye da haka, kuma akwai abin tsinta a jikin ganye.” Ya yarda da ƙyar, ya kuma ɗora almakashinsa a kan yadin don ya gane in wani yaro ya ɗaga.

Da aka yaye ranar 25, ana hango bangon baya ta cikin ruwan. Koren gashin ya yi fari-fari ya saki. Aka zuƙe tarkacen ƙasa da siririn tiyo, aka canza rabin ruwa. Kifi takwas, babu wanda ya mutu. Jan tsiron dai kara ɗaya ya rage, tsirara, aka cire shi.

Babbar fitilar ta koma tsakar gida. A madadinta aka sa doguwar fitilar LED mai santimita 60, wat 9, lumen 900, farin haske mai lamba 6500K, mai aiki da bolt 12 daga batirin sola. Lumen 17 ke nan a kowace lita. Kamfanin Tropica na ƙasar Danmak, wanda sana'arsa rainon tsirran ruwa ce, yana ba da ma'aunin lumen 10 zuwa 20 a lita ga tsirrai marasa wahala, 20 zuwa 40 ga matsakaita, sama da 40 ga masu wuyar sha'ani. Aka haɗa fitilar da ƙaramin agogo mai kunnawa da kashewa da kansa: takwas na safe zuwa sha biyu, sannan biyar na yamma zuwa takwas. Sa'a bakwai, kuma tsakar rana mai ƙuna fitila na kashe. Telan ya ɗinka wa akwatin labule mai zariya da ake ja in shago zai kai dare.

Mayu zuwa Yuli: kainuwa da zaren tela

Akwatin ya kusa zama fili, kuma in aka bar shi haka gansakuka ce za ta sake gadonsa. Ba a koma Duwala ba. A wani tafki da ke gefen Binuwai aka ɗebo kainuwa tushe huɗu, da wata ciyawar ruwa marar saiwa mai kama da jelar kyanwa, wadda masana ke kira Ceratophyllum.

Ba a zuba su nan take ba. Sun yi mako guda a roba, ana canza musu ruwa ana tsince abin da ya fito: tsutsotsin mazari masu cin ƙananan kifi, da katantanwa, da ƙwanta mai kama da majina a bayan ganye. Batun katantanwar nan ya wuce na kifi. Wasu ƙananan katantanwar tafkunan yankinmu su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, don haka da leda a hannu aka yi tsintar, kuma da sanda aka jawo tsirran daga gaɓa, ba a sa yaro ya shiga ruwan ba.

Anubias ɗin da ya tsira aka tono shi, aka datse ganye uku da ɗigo ya cinye, aka bar biyu. Telan ya ɗora gindin a kan dutse ya ɗaure da baƙin zaren auduga, zagaye huɗu, ba matsewa. Shi ya zaɓi auduga a kan nailan, ya ce kafin ta ruɓe saiwa ta kama dutsen, kuma haka aka yi. Aka ajiye shi a inuwar kainuwa. Vallisneria aka ɗan ɗago ta yadda mahaɗar ganye da saiwa ta fito saman yashi, aka mulmula jar ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa guda shida, aka shanya, aka cusa can ƙarƙashin saiwoyinta. Jar ƙasa na da sinadarin ƙarfe, kuma a binne take ba ta ɓata ruwa.

Don zafi, aka kafa ƙaramar fanka mai bolt 12 tana hura saman ruwa daga gefe. A busasshiyar iskar farkon Mayu ta sauko da zafin daga 33 zuwa 29 ko 30, amma tana shanye fiye da lita guda kullum, sai an cika daga randa. Abinci ya koma sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma gwangwanin na aljihun maigida. Duk Juma'a a canza lita 12.

An sami tuntuɓe biyu. A hidimar babbar salla, farkon Yuni, ba wanda ya kula, kainuwa ta rufe saman ruwa ruf, Vallisneria ta koɗe. Ba a banza ake ce mata dashen Allah ba. Aka kwashe, aka tsayar da ƙa'idar kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan. Na biyu kuma a Yuli: babban yaron shagon ya gano maɓallin da ke sa fitila ta zauna a kunne, ya riƙa dannawa don masu zuwa su ga kifi. Kwana tara ana haka, koren gashi ya leƙo a bakin ganye. Aka mayar da agogo, aka liƙe maɓallin da salatif, cikin mako biyu ya ɓace.

Satumba 2025: inda aka tsaya

Ranar 12 ga Satumba ruwa garau yake, zafi 27 ba tare da fanka ba saboda damina. Vallisneria ta miƙa 'ya'ya ta ƙarƙashin yashi, tushe 23 daga bakwai da suka tsira. Anubias na da ganye bakwai, wato kusan sabon ganye ɗaya duk wata. Ana kwashe kainuwa da jelar kyanwa cike da hannu duk mako. Kifi 14, sauran an rabar. Tun 11 ga Afrilu ba a sake rubuta mutuwa a littafin ba. Gilashi ana goge shi da soso sau ɗaya a mako biyu.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Kwatancen dawa da telan ya yi yana da hujja a gona, sai dai dawa a iska take tsaye. Tsiro na buƙatar haske, da iskar kabon, da abinci, kuma wanda ya fi ƙaranci a cikin ukun shi ke ƙayyade girmansa. A cikin ruwa kabon ne ke fara yankewa: kaɗan ne yake narkewa, yana ƙara raguwa in ruwa ya yi zafi, kuma tafiyarsa a ruwa ta fi ta iska jinkiri wajen sau 10,000. Babbar fitilar nan ta sa tsirran sun cinye ɗan kabon da ke akwai cikin sa'o'in farko na safiya. Hawan pH zuwa 9 da la'asar shaidar hakan ce. Sauran sa'o'in hasken gansakuka ce ta mora, ita da ɗan kaɗan ke isarta. Da na ce masa kamar a ƙara wa keke gudu ne alhali zare ya ƙare a ƙoshiya, bai sake tambaya ba.

A ganina rage ƙarfin haske da tsayar masa da lokaci su ne suka ɗauki kaso mafi girma. Duhun kwana huɗu ya kashe koren ruwan, amma da an mayar da tsohuwar fitila da ya dawo, kuma abin da ya faru a Yuli ya nuna haka da ƙaramar fitila ma. Canjin ruwa na watan Maris bai yi ba saboda ƙwayoyin da suka rina ruwan ninkuwa suke yi cikin sauri muddin haske da abinci na nan. Wankin ranar 20 ga Maris kuwa garin gyaran gira ne aka tsone ido: sabulu da kulorin sun kashe ƙwayoyin da ke zaune a soso suna mayar da amoniya abin da ba ya cutarwa sosai, waɗanda kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Rashinsu ne ya kashe kifi ukun farko a Nuwamba, kuma shi ya sa yuriya ta tarar da akwatin ba mai tare ta. Manomin ma bai yi kuskuren gane alama ba, rawayar tsohon ganye kan nuna ƙarancin naitirojin. Awon gona ne aka kawo wa lita 45 mai kifi a ciki.

Kainuwa ta yi tasiri saboda ganyenta a sama yake, kabon ɗinta daga iska take sha, don haka ba abin da ke tsayar da ita wajen zuƙe abincin da gansakuka ke nema, ga kuma inuwa. Anubias ɗan ƙasa ne, daga rafukan kurmin kudu maso yammacin Kamaru, inda yake maƙale a duwatsu ƙarƙashin manyan itatuwa. An binne masa gindi, sannan aka dasa masa fitilar tsakar gida a ka. Vallisneria kuma na iya ciro kabon daga gishirin da ke narke a ruwa, shi ya sa ta jure. Jan tsiron ne kaɗai ke son hasken nan mai ƙarfi, shi ma sai da tukunyar gas ta kabon da ruwa mai sanyi, abin da shagon tela a Garwa ba zai ba shi ba a watan Afrilu.

Ni ma ina da nawa kason. Na ga fitilar nan tun Janairu, na ga kumfa na hawa, na yaba na tafi, alhali darasin da nake koyarwa a aji ke nan. Sai da kifi 11 suka mutu na zo da takardar gwaji.

Azumin da ke biye da wannan labari shi ne na Fabrairu 2026. Telan ya riga ya sayi wa mai sa maɓalli tasa fitilar, ya kuma ƙara wa labulen akwatin shafi na biyu daga ragowar baƙin yadin nan. Hoton jan tsiron dai yana nan a wayarsa, kuma ranar da na je karɓar rigata ya sake nuna min shi, yana tambayar nawa tukunyar gas ɗin za ta kai.